Waken Samaru Da Ofisoshin Maitama: Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara

Duk wanda ke sana'ar hatsi a kasuwar Mile 12 ta Ikko, ko Bodija ta Badun, ko kasuwannin Anaca da Fatakwal, ya san wake ba ƙaramin abu ba ne. Daga Dawanau ta Kano da sauran kasuwannin Arewa manyan motoci ke ɗauko shi dare da rana su sauke a Kudu, inda ake ƙosai da alala da shi, ake kuma dafa shi da shinkafa. Dubban 'yan Arewa mazauna Kudu da shi suke ci da iyalansu, tun daga dillali da mai awo har zuwa ɗan dako da direba da yaron mota. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa ta duniya noman wake, Jamhuriyar Nijar na bi mata. Saboda haka duk abin da ya taɓa wake ya taɓa aljihun waɗannan bayin Allah.

A watan Janairu na shekarar 2019 hukumar Gwamnatin Tarayya mai kula da tsaron lafiya a harkar sauya halittar tsirrai, watau NBMA, ta ba da iznin noma wani sabon irin wake mai suna SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar. Tun daga lokacin gardama ba ta kwanta ba. Wasu na yabo, wasu na jin tsoro, har ma a shekarar 2024 Majalisar Wakilai ta sa a binciki al'amarin irin waɗannan amfanin gona. Abin takaici shi ne yawancin masu noma waken da masu sayar da shi ba su sami wanda ya zauna ya bayyana musu da harshensu yadda aka yi aka same shi ba. Rashin sani kuwa ya fi dare duhu. Labarin ya faro ne daga wani ƙullutu a gindin itace, kuma darasin da ke cikinsa ya shafi wasu ofisoshi uku da ke unguwar Maitama a Abuja.

Manoman 'ya'yan itatuwa a Turai da Amurka sun daɗe da sanin wata cuta da kan kama inabi da tuffa da furen wardi. Wani ƙullutu ne mai kaushi da kan fito daidai inda gangar itace ta haɗu da saiwa. A shekarar 1907 wasu ma'aikata biyu na Ma'aikatar Gona ta Amurka, Erwin Smith da Charles Townsend, suka tabbatar cewa wata bakteriya ce ta cikin ƙasa ke haddasa shi. Bakteriya dai wata halitta ce 'yar mitsitsiya wadda ido ba ya gani sai da madubin likita. Wannan ɗin masana na kiranta Agrobacterium tumefaciens, kuma takan shiga jikin itace ta inda fartanya ko ƙwaro ya ji masa rauni.

Kafin a gane abin mamakin da ke cikin wannan ƙullutu sai an san yadda ake renon tsiro a kwalba. Jikin tsiro, kamar na mutum, an gina shi da ƙananan ƙwayoyi, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. Ana iya yanko ɗan guntun ganye ko kara, a wanke shi tas, a ɗora shi cikin kwalba a kan wani abinci mai kama da kafaffen koko, wanda aka haɗa da sukari da gishirin ma'adinai. Amma ƙwayoyin ba su kan rabu su yawaita sai an zuba musu sinadaran girma guda biyu, ɗaya ana ce masa oksin, ɗayan saitokinin. In babu su, guntun sai ya zauna shiru har ya mutu. A shekarar 1957 Folke Skoog da Carlos Miller na Jami'ar Wisconsin suka nuna da tsiron taba cewa idan oksin ya rinjaya sai guntun ya fid da saiwa, idan saitokinin ya rinjaya sai ya fid da toho, idan kuwa ba wanda ya rinjayi wani sai ya zama dunƙulen nama marar siffa.

To, naman ƙullutu ya karya wannan ƙa'ida. A shekarar 1941 Philip White da Armin Braun na Cibiyar Rockefeller suka yanko naman ƙullutu wanda babu bakteriya ko ɗaya a cikinsa, suka ɗora shi a kan abincin da ba a sa wa sinadarin girma ba. Sai ga shi yana ta girma, ana yanka ana dasawa a sabuwar kwalba, bai fasa ba. Ɓarawo ya tafi, amma ɓarnar tana ci gaba. Braun ya ce lalle akwai wani abu da bakteriyar ta bari a cikin ƙwayoyin tsiron wanda ya sauya su har abada, kuma daga baya ya nuna cewa ƙwayoyin ƙullutu da kansu suke ƙera sinadaran girmansu, shi ya sa ba su bukatar na waje. Sai dai mene ne abin da aka bari? An shafe fiye da shekara 30 ana neman amsa.

Kowace halitta na ɗauke da wani dogon rubutu a cikin ƙwayoyin jikinta, wanda masana ke kira DNA. Haruffansa huɗu ne kacal, amma jerinsu shi ke tsara launin fure da tsawon kara da ɗanɗanon 'ya'ya. Kowace sadara ta wannan rubutu umarni ce da ɗa kan gada daga iyaye, don haka ana iya kiranta sadarar gado. A shekarar 1974 masu bincike a Jami'ar Ghent ta ƙasar Beljiyam, a ƙarƙashin Jeff Schell da Marc Van Montagu, suka gano cewa bakteriyar da ke sa ƙullutu tana ɗauke da wani ƙarin rubutu mai siffar zobe, mai haruffa kimanin 200,000, kuma in ta rasa zoben ba ta iya cutar da itace. A shekarar 1977 Mary-Dell Chilton da abokan aikinta a Jami'ar Washington da ke Seattle suka tabbatar cewa wani yanki na wannan zobe yana nan daram a cikin ƙwayoyin ƙullutu. Watau bakteriyar takan yanko ɗan rubutunta ta cusa shi cikin rubutun tsiro, tsiron ya riƙa karanta shi yana bi tamkar nasa ne.

A farkon shekarun 1980 aka karanta abin da ke cikin yankin. Sadarori biyu, iaaM da iaaH, su ke sa ƙwayar tsiro ta ƙera oksin ta wata hanya wadda tsiron ba shi da linzaminta. Sadara ta uku, ipt, ita ke sa ta ƙera saitokinin. Gwajin da aka yi ya dace daidai da abin da Skoog da Miller suka gani. Da aka lalata sadarorin oksin sai ƙullutun ya yi ta fid da toho, da aka lalata ta saitokinin sai ya yi ta fid da saiwa. Daga baya an tabbatar da aikin kowacce. Har wa yau akwai wasu sadarorin da ke sa ƙullutu ya ƙera wani abinci na musamman da ake kira ofin, wanda Georges Morel da abokan aikinsa suka yi bincike a kansa a Faransa, kuma bakteriyar ce ke da hanyar cinsa. Ke nan ta mai da itacen gonarta, ta kuma mai da shi ɗakin girkinta.

Daga nan sai tunani ya zo wa masana. Tun da wannan halitta ta iya kai saƙo cikin tsiro, me zai hana a ƙwace nata saƙon a ba ta wani? Aka cire sadarorin oksin da saitokinin daga zoben, aka bar mata dabarar kai saƙo kawai, aka sa sadarar da ake so a gurbinsu. Ƙwayar tsiron da ta karɓi irin wannan saƙo ba ta zama ƙullutu. Tana nan da bukatar a zuba mata sinadaran girma kamar kowace lafiyayyar ƙwaya, kuma ta haka ne mai bincike kan lallaɓe ta a kwalba ta fid da toho, ta fid da saiwa, ta zama cikakken tsiro mai fure da 'ya'ya. A watan Janairu na 1983, a wani taro a Miami, ƙungiyoyi uku suka ba da sanarwar sun yi nasarar sa baƙuwar sadara a ƙwayoyin tsiro ta wannan hanya: ta Ghent, da ta Chilton, da ta kamfanin Monsanto. A shekarar 2013 aka ba Van Montagu da Chilton da Robert Fraley na Monsanto lambar yabo ta abinci ta duniya saboda wannan aiki.

Wani abin da ya kamata masu gardama su sani shi ne wannan bakteriya ta riga ɗan Adam fara aikin. A shekarar 2015 masu bincike na Ghent da na Cibiyar Dankali ta Duniya da ke Lima a ƙasar Peru suka duba nau'o'in dankalin Hausa 291 da ake nomawa a sassan duniya, suka tarar da rubutun wannan bakteriya a cikinsu duka, har da sadarorin iaaM da iaaH. Tun zamanin da ba wanda ya san ranarsa ya shiga. Ke nan dankalin da ake soyawa a bakin titi a Agege da Sabo ta Badun yana ɗauke da sadarorin bakteriya, kaka da kakanni sun ci sun tashi lafiya. Wannan ba hujja ba ce ta cewa kowane sabon iri ba shi da illa, domin kowanne sai an gwada shi a kan kansa. Amma ya nuna cewa shigar sadarar bakteriya cikin tsiro ba baƙon abu ba ne a doron ƙasa.

Ta wannan hanya aka sami waken Samaru. Babbar abokiyar gabar manomin wake ita ce tsutsar Maruka, wadda kan ɓuya cikin fure da kwanso tana ci, har masana sun ce in ta yi tsanani takan halaka kashi 80 cikin 100 na amfanin gona. An ɗauko wata sadara mai suna cry1Ab daga wata bakteriyar ƙasa dabam, Bacillus thuringiensis, wadda manoma suka fara fesawa a matsayin maganin tsutsa tun 1938 a Faransa. Sadarar takan sa tsiro ya ƙera wani sinadari da ke lalata hanjin tsutsa. Aka ba bakteriyar ƙullutu, wadda aka riga aka cire wa sadarorin cuta, ta kai saƙon cikin wake. Saboda haka mai tambaya ko waken na ɗauke da abin da ke sa ƙullutu, amsa ita ce tun a ɗakin bincike aka cire shi, domin ƙwayar da ke ɗauke da shi ba ta zama lafiyayyen tsiro balle ta yi 'ya'ya.

An fara gwajin waken a killataccen fili a Samaru a shekarar 2009 a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku, aka yi shekara goma ana gwaji da haɗa shi da irin da manoma suka saba da shi. A watan Disamba na 2019 aka yi masa rajista, aka ƙaddamar da shi a Kano a tsakiyar 2021. Masu binciken sun ce manomin da kan yi feshi sau shida zuwa takwas a damina ɗaya, da wannan iri sau biyu ya ishe shi. Wake kuwa tsiro ne mai yi wa kansa barbara, don haka manomi na iya ajiye iri daga gonarsa. Masarar TELA da aka saki a watan Janairu na 2024 ita kam 'yar aure ce, watau an haɗa iyaye biyu ne aka same ta, kuma kamar kowace masara irin wannan sai an sayi sabon iri kowace shekara in ana son cikakken amfani.

Ya kamata 'yan kasuwa su lura da abu guda. Wannan wake tsutsar gona yake karewa, ba ya hana ƙwarin da ke cin wake a cikin buhu. Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya a shekarar 2015 saboda yawan maganin ƙwari mai suna dikulobos da aka tarar a cikinsa, irin wanda wasu ke zubawa a wajen ajiya. Maganin wannan matsala shi ne ajiya a buhun PICS mai ruɓi uku ko durom mai murfi wanda iska ba ta shiga. Mai zuba guba a abincin jama'a don kare jarinsa ba shi da wani uzuri, sabon iri ne ko tsoho.

Masu ɗari-ɗari da sabon iri su ma suna da tambayoyin da suka cancanci amsa. Tsutsa na iya sabawa da sinadarin in aka yi sakaci, kamar yadda ya faru da wasu amfanin gona a wasu ƙasashe, don haka wa ke sa ido a gonaki? Mai saye yana da haƙƙin sanin abin da yake saye, to yaya za a sa alama a kan abin da ake aunawa da mudu? Tambayar da ta fi duka nauyi kuwa ita ce, ilmin a hannun wa yake? Sadarar cry1Ab kamfanin Monsanto ne ya ba da ita kyauta ta hannun gidauniyar AATF da ke Nairobi. Aikin cusa ta cikin wake a Canberra ta ƙasar Ostireliya aka yi shi, a hukumar bincike ta CSIRO, ƙarƙashin T. J. Higgins. Malaman Samaru sun yi namijin ƙoƙari wajen gwaji da haɗa iri, sun cancanci yabo. Amma matakin farko, wanda shi ne mabuɗin sana'ar, a ƙasar waje aka taka shi. An gode wa masu kyauta, sai dai zanen aro ba ya rufe katara.

Nan ne maganar ta iso Maitama. A kan titin Aguiyi Ironsi da kewayensa akwai Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, watau NUC, wadda ke tsara abin da za a koyar a jami'a. Akwai Asusun Tallafa wa Manyan Makarantu, watau TETFund, wanda aka aza harsashinsa a 1993 da harajin ilmi a kan ribar kamfanoni, aka sake masa suna da doka a 2011. Akwai kuma Majalisar Bincike da Bunƙasa Albarkatun Masana'antu, watau RMRDC, wadda aka kafa da dokar 1987. Abin da aka sa wa hannu a waɗannan ofisoshi shi ke yanke hukuncin ko ɗalibin ilmin tsirrai a Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri zai taɓa renon tsiro a kwalba da hannunsa, ko kuwa a allo kawai zai gan shi.

Darasin ƙullutu shi ne haƙuri. Daga 1907 zuwa 1983 shekara 76 ke nan. Smith da Braun ba wake suke nema ba, so suke su san dalilin da ya sa wata ƙwaya ke girma ba tare da an ba ta sinadari ba. Da waɗanda ke biyan kuɗin aikinsu sun matsa sai sun ga riba cikin shekara biyu, da ba a kai ko'ina ba. Ya kamata TETFund ta ware kaso na musamman domin irin wannan bincike na tushe, tallafi mai ɗorewa na shekara biyar zuwa goma, ga ƙungiyoyin malamai da suka nuna ƙwazo. Kuma kuɗin ya haɗa da abin da ke riƙe ɗakin bincike a raye. Tsiron kwalba na bukatar haske na wajen awa 16 a rana da sanyi daidai misali kullum. Ɗaukewar wutar lantarki ta 'yan kwanaki a lokacin bazara na iya kashe aikin shekara guda. Katafaren gini mai sabon fenti wanda ba wuta, ba ruwa mai tsabta, ba ƙwararren ma'aikacin da zai kula da na'ura, ado ne kawai.

Ita kuwa NUC ya kamata ta sa renon tsiro a kwalba, na yi da hannu, cikin sharuɗɗan amincewa da kowane sashen ilmin tsirrai da aikin gona. RMRDC kuma ta dubi kayan aikin. Abin da ke kafar da abincin kwalba, watau aga, daga ciyawar teku ake samunsa, daga waje ake sayo shi da kuɗin ƙasashen waje. Masu bincike sun gwada sitacin rogo a madadinsa. Ƙasar da ta fi kowa noman rogo a duniya ba ta da dalilin barin wannan gwaji ya tsaya a takarda.

Amfanin abin bai tsaya ga sauya halittar iri ba. Da renon kwalba ake yawaita ayaba da doya da rogo marasa cuta, aikin da cibiyar IITA ta Badun ta daɗe tana yi. Da shi ake iya yawaita macen dabino mai kyau, wanda zai amfani manoman Jigawa inda cibiyar NIFOR ke da tashar binciken dabino a Dutse. Gero da dawa da acca da riɗi, da ƙudujin da ke shanye gonakin talakawa, ba su ne ke gaban manyan kamfanonin duniya ba, domin ribarsu ba ta kai ta masarar Amurka ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bugu da ƙari, hukumar NBMA, wadda aka kafa da dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2015, ba za ta iya tantance abin da aka kawo mata da kyau ba sai ƙasar nan na da isassun masana masu zaman kansu waɗanda za su sake gwaji su faɗi abin da suka gani. Mai goyon bayan sabon iri da mai adawa da shi duka suna bukatar waɗannan masana.

Sauran aiki shi ne bayani. Taron da aka yi da Turanci a babban otal a Maitama ba ya isa kunnen mai awo a Mile 12. Duk tallafin bincike da aka bayar ya kamata a ɗora masa sharaɗin bayyana sakamakonsa da Hausa da Yarabanci da Ibo a rediyo da kasuwanni. Sarakunan Hausawa na garuruwan Kudu da shugabannin ƙungiyoyin 'yan hatsi suna da ikon gayyato malaman gona su zo su amsa tambayoyi a gaban jama'a, kuma ya kamata su yi amfani da shi. Ɗan kasuwa ya tambayi wanda ya kawo masa kaya wane iri ne, da me aka ajiye shi. Kada ya yaɗa maganar da bai tabbatar ba, ta yabo ce ko ta suka.

Iyaye mazauna Kudu kuma su tuna cewa yaron da ke taya mahaifinsa awo da yamma yana iya zama wanda zai riƙe wannan ilmi gobe, in an bar shi ya yi karatun kimiyya. Ofisoshin Maitama su gyara ɗakunan bincike, iyaye su aiko da 'ya'ya maza da mata su cika su. Irin da za a shuka nan da shekara 20, yau ne ake yanke shawarar wanda zai ƙera shi.